MOTA MAI SHAN WUTA BA TARE DA WAYA BA: KO LAYUKAN FILATO ZA SU IYA ƊAUKAR NAUYINTA?

A garin Vom, wanda ke kudu maso yammacin Jos cikin Jihar Filato, akwai waɗansu ɗakuna da ba a son wutar lantarki ta ɗauke a cikinsu, ko da dare ko da rana. Ɗakunan sanyi ke nan na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa, inda ake ajiye magungunan rigakafin shanu da tumaki da awaki da kaji kafin a rarraba su zuwa jihohi. Irin wannan magani ba ya shiri da zafi. Idan ya ɗumama ya lalace, kuma makiyayin da ke jiransa a Yola ko a Gusau shi ne zai ji a jikinsa. Saboda haka mutanen Vom sun daɗe da sanin cewa wutar lantarki ba abin ƙawa ba ce.

To, ga shi yanzu labari yana ta zuwa daga Turai da Amurka da Asiya game da motocin da ba su shan fetur sai wutar lantarki. Wannan kaɗai ba sabon labari ba ne. Sabon abin kashi biyu ne. Na farko, an gano yadda za a cika batirin mota ba tare da an jona mata waya ba, watau direba ya tsaya a kan wani faifai da aka binne a ƙasa, wuta ta riƙa shiga da kanta. Na biyu, an gano yadda motar za ta mayar da wutar da ta sha zuwa cikin gida, ko zuwa babban layi, a lokacin da aka shiga ƙarancinta.

Tambayar da ta dace mai karatu ya yi ita ce, ina amfanin wannan ga gari irin Vom? Kuma layukan wutar da ake da su yanzu za su iya ɗaukar wannan sabon baƙo? Kafin a amsa, ya kamata a waiwayi baya kaɗan.

FILATO TA RIGA SAURA GANIN HASKE

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai suna narka kuza, fatake suna yawo da ita kasuwa-kasuwa. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka kwararo kan tsaunukan Filato suna haƙar kuza, har aka ja siririn layin dogo daga Zariya wanda ya isa Bukuru a 1914. Da aiki ya bunƙasa sai diga da shebur da kwanon kai suka kasa, aka kawo manyan injuna na tono da na tura ruwa. Injunan nan suna bukatar makamashi, ga itace ya yi ƙaranci, gawayin Inugu kuwa yana da nisa da tsada.

Sai masu kamfanonin suka juya ga abin da Allah ya hore wa wurin, watau ruwan da ke gangarowa daga bakin tsauni zuwa kwari. A farkon shekarun 1920 aka kafa injin samar da wuta a magangarar ruwan Kwall. A 1929 kuma kamfanin NESCO ya fara aiki da tashar Kurra, wadda ke cikin ƙasar Barikin Ladi, daga baya ya ƙara waɗansu tashoshi a Jekko. Wannan ya faru ne kusan shekara 40 kafin a gama madatsar Kainji a 1968.

Da aka kafa hukumar lantarki ta ECN a farkon shekarun 1950, da kuma lokacin da aka haɗa ta da hukumar madatsun Kwara aka sami NEPA a 1972, NESCO ya ci gaba da zamansa na kamfani mai cin gashin kansa, da hedkwatarsa a Bukuru. Bayan kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985 kuma ramuka suka mutu, sai ya dogara ga sayar da wuta ga masana'antu da ma'aikatu da gidajen jama'a a Bukuru da kewayenta, har zuwa Kuru da Vom.

Ita kuwa cibiyar dabbobi, asalinta a Zariya ne a 1913, aka dawo da ita Vom a 1924, babban aikinta a lokacin shi ne yaƙi da bushiya, cutar da ta sha ƙarar da garkunan shanu a ƙasar nan, wadda sai a 2011 aka ba da sanarwar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, wannan yanki yana da hanyoyin wuta biyu: ga ta ruwan Filato, ga kuma ta babban layin ƙasa wadda kamfanin rarraba wuta na Jos yake sayarwa tun bayan da aka sayar da kamfanonin gwamnati a 2013. Garuruwa kaɗan ne a Nijeriya suke da irin wannan gata.

YADDA FAIFAN YAKE AIKI

Wanda ya ji an ce wuta tana tsallaka iska ta shiga mota zai iya ɗauka siddabaru ne. Ba siddabaru ba ne, tsohon ilmi ne. A 1831 wani masani Bature a Ingila, mai suna Michael Faraday, ya nuna cewa idan aka naɗe wayar jan ƙarfe aka tura wuta mai kai da komo a cikinta, wani ƙarfi irin na maganaɗisu yana tashi a kewayenta. Idan aka kawo wata naɗaɗɗiyar waya kusa, ko da ba su taɓa juna ba, sai wuta ta haihu a cikin ta biyun. Kowace taransifoma da ke kan dakali a bakin titin Bukuru da wannan dabara take aiki. Bambancin kawai shi ne, a cikin taransifoma naɗin biyu suna zaune a kan ƙarfe ɗaya cikin tukunya ɗaya.

A cajin mota kuwa an raba su. Naɗi ɗaya yana cikin faifan da ke ƙasa, ɗaya kuma an manna shi a ƙarƙashin cikin mota, tsakaninsu akwai iska kamar taƙi ɗaya. Wahalar ita ce ƙarfin maganaɗisu yana watsewa a cikin iska. Don a magance wannan sai aka yi dabara biyu.

Ta farko, wutar da ke zuwa gidajen Nijeriya tana kai da komo sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Akwatin da ke kusa da faifan yana karɓarta ya mai da ita mai kai da komo sau 85,000 a daƙiƙa ɗaya, domin irin wannan ta fi saurin tsallaka tazara. Ta biyu, ana daidaita naɗin biyu su zama masu amsa juna. Makaɗa sun san wannan: idan aka ɗaure tsirkiya biyu daidai wa daida, aka kaɗa ɗaya, sai ɗayar ta yi rawa ba wanda ya taɓa ta. Da wutar ta shiga naɗin mota, wani akwati yana miƙar da ita ta zama mai tafiya hanya ɗaya, irin wadda batir yake sha.

An daɗe ana wannan mafarki. Nikola Tesla ya fara gina wata doguwar hasumiya kusa da birnin New York a 1901 da nufin aika wuta ta iska zuwa nesa, kuɗi suka ƙare masa, aka rushe ta a 1917. A shekarun 1990 masana a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand suka mai da dabarar abin amfani a masana'antu. A 2007 kuma waɗansu masana a cibiyar MIT ta Amurka suka kunna ƙwan fitila mai ƙarfin wat 60 daga nisan mita biyu, amma fiye da rabin wutar ya salwanta a hanya. A yau, da yake tazarar da ke tsakanin mota da ƙasa gajeriya ce, kimanin kashi 90 cikin 100 na wutar yana isa batir idan direba ya tsaya daidai.

A watan Oktoba na 2020 ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fitar da ƙa'ida guda da masu ƙera motoci za su bi, don motar wani kamfani ta iya sha a faifan wani. Ƙa'idar ta tsayar da kai da komo 85,000 ɗin nan, da ƙarfi har zuwa kilowat 11 ga ƙananan motoci. Ta kuma wajabta cewa faifan ya iya gane baƙon abu. Dalili kuwa, idan gwangwani ko kwabo ya faɗa tsakani zai yi zafi jau, haka nan idan kyanwa ko kaza ta shiga ƙarƙashin motar dole na'urar ta kashe kanta.

INDA AKA GWADA AKA GANI

Waɗanda suka fara cin moriyar abin ba masu motocin alfarma ba ne, motocin haya ne. A biranen Turin da Genoa na ƙasar Italiya ƙananan bas-bas sun fara shan wuta ta faifai a farkon shekarun 2000. A 2013 birnin Gumi na Koriya ta Kudu ya fara tafiyar da bas a kan hanyar da aka binne wayoyi a waɗansu sassanta, motar tana tafiya tana sha. A watan Janairu na 2014 garin Milton Keynes na Ingila ya sa bas takwas a hanya ɗaya mai tsawon mil 15, kowace in ta kai ƙarshen hanya sai ta tsaya a kan faifai kamar minti goma, ta juyo. A 2022 aka gwada wa motocin tasi a Nottingham, a layin da suke jiran fasinja kusa da tashar jirgin ƙasa. A watan Nuwamba na 2023 birnin Detroit na Amurka ya buɗe wani titi mai tsawon rubu'in mil wanda ke ba mota wuta tana cikin tafiya.

Darasin da ke cikin wannan a fili yake. Binne wayoyi a ƙarƙashin doguwar hanya aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai, shi ya sa har yanzu bai wuce gwaji a gajerun tituna ba. Amma faifai guda a inda mota ta saba tsayawa kullum, wannan ya yi aiki shekara da shekaru. Motar da ke kurɓar wuta kaɗan-kaɗan duk lokacin da ta tsaya ba ta bukatar ƙaton batir, batir kuwa shi ne mafi tsada a jikin motar lantarki.

MOTAR DA KE RAMA ALHERI

Kashi na biyu na labarin ya fi shafar ƙasa irin Nijeriya. Motar gida tana wuni a tsaye, tafiyarta ba ta wuce sa'a ɗaya ko biyu a rana. A 1997 wani malami a Jami'ar Delaware ta Amurka, Willett Kempton, ya kawo shawarar cewa a ɗauki waɗannan motoci da ke tsaye tamkar rumbunan wuta: su sha lokacin da wuta ta yi yawa, su mayar lokacin da ta yi ƙaranci.

Mutanen Japan ne suka fara ganin amfanin haka a zahiri. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta watan Maris na 2011, wadda ta bar garuruwa cikin duhu, kamfanin Nissan ya fitar da wata na'ura a 2012 wadda ke ba motarsa damar haskaka gida. A 2016 wani kamfanin ruwa da iskar gas a Frederiksberg ta ƙasar Denmark ya jona motocin aikinsa guda goma da babban layi, ana biyan kuɗi saboda taimakon da suke yi wajen daidaita wuta. Waɗannan duka da waya ake yi. Amma a 2020 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta nuna cewa ana iya yin haka ta faifai, inda ta tura kilowat 20 zuwa cikin wata motar raba kaya, ta kuma dawo da ita, a tazarar inci 11.

A nan ne dabarun biyu suka haɗu. Mota ba za ta taimaki layi ba sai tana jone da shi, ɗan Adam kuwa mai mantuwa ne da ganda. Wanda batirinsa ke cike ba zai damu ya jawo waya ya jona ba. Amma in faifai ne, da zarar an ajiye mota ta jonu.

Ga misali a ƙididdige. Batirin motar Hyundai Kona mai dogon zango yana ɗaukar yunit 64, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Idan aka ƙaddara gida yana cin yunit takwas a rana, tsakanin firji da fitilu da talabijin da fanka, to cikin motar nan guda zai riƙe gidan kwana takwas. Motocin ma'aikata goma da ke tsaye a harabar wata ma'aikata, in kowace ta ba da rabin cikinta, an sami yunit 320 ba tare da an ƙona ko cokali ɗaya na man gas ba. Ga wurin da ke da ɗakunan sanyi, ko asibiti irin na Vom wanda ya haura shekara 100 yana aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A NAN GIDA NIJERIYA

Motar lantarki ta riga ta shigo ƙasar nan, ko da yake ba ta yi yawa ba. A watan Nuwamba na 2020 kamfanin Stallion ya nuna Hyundai Kona da aka harhaɗa a Ikko. A watan Afrilu na 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, daga baya aka buɗe irinta a Jami'ar Ikko da ta Nsukka. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, Basakkwace, wanda ya yi suna a kamfanin General Motors wajen zana siffar motar Chevrolet Volt. A Maiduguri kuma wani matashi, Mustapha Gajibo, ya shahara wajen cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa masu batir. Duk waɗannan da waya ake yi masu caji. Faifan da ake magana bai zama kayan kasuwa a nan ba tukuna.

Abin da ya ƙara jawo hankalin jama'a shi ne kuɗin mai. Ran 29 ga watan Mayu na 2023 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit, jama'a suka yi ta kuka. Amma ko da wannan tsada, cika batirin yunit 64 bai wuce Naira 14,400 ba, kuma zai kai mota fiye da kilomita 400. Motar fetur mai cin lita ɗaya a kilomita goma tana bukatar lita 40 don wannan tafiya, watau fiye da Naira 40,000 a farashin wancan lokaci. Direban haya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan lissafi.

Yanayin Filato ma yana da nasa taimako. Zafi mai tsanani yana tsufar da batir da wuri, sanyin Vom kuwa ya fi masa sauƙi a kan zafin Sakkwato ko Maiduguri. Bayan haka motar lantarki tana mayar da wuta cikin batirinta idan tana gangara, domin injinta ne ke riƙe ta maimakon birki. Motar da ta gangara Hawan Kibo za ta isa ƙasa da ɗan ƙari a cikinta, sai dai za ta biya bashin a hanyar dawowa.

SAI DA RUWAN CIKI AKE JAN NA RIJIYA

Faifai ba ya haifar da wuta. Daga layi yake jawo ta, har ma yana zubar da kamar kashi ɗaya cikin goma a hanya. Nan ne gizo ke saƙar.

Ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200, wutar da babban layinta yake rarrabawa galibi ba ta wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. A 2024 layin ya faɗi sau da yawa. A watan Oktoba na shekarar, bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, sai layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda ke kawo wuta ta Makurɗi zuwa Jos, shi ma ya sami matsala. Yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun ɗanɗana kuɗarsu. Da a ce motocin haya duka na lantarki ne kuma da wannan layi kaɗai suka dogara, da tafiya ma ta tsaya.

Ko da wuta tana nan, akwai matsalar unguwa. Faifai guda mai kilowat 11 yana jan abin da gidaje da yawa suke ja a haɗe. Idan motoci 20 suka hau faifai a lokaci ɗaya, an sami kilowat 220, watau kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin taransifoma mai lamba 300, irin wadda ake yawan gani a unguwanni. In kuwa da magariba ne, lokacin da kowane gida ya kunna fitila da risho da hita saboda sanyin Filato, to taransifomar za ta ƙone, unguwa ta shiga karo-karo. Motoci 1,000 kuwa megawat 11 ke nan, ƙarfin wata ƙaramar tashar ruwa sukutum.

Maganin wannan a ƙasashen da suka yi nisa shi ne tsara lokaci. Ana sa na'urar ta jira sai tsakar dare, lokacin da masana'antu suka tashi kuma gidaje suka yi barci, ko kuma tsakar rana inda akwai farantan hasken rana. Ana rage kuɗin yunit a waɗannan sa'o'i don a jawo mutane. Amma wannan ba ya yiwuwa sai da mita mai sanin lokaci, a Nijeriya kuwa har yanzu miliyoyin masu amfani da wuta ba su da mita ko wace iri, kintace ake yi masu.

Mayar da wuta cikin layi kuma yana da nasa sharuɗɗa. Dole a sami mita mai ƙirga shiga da fita, da dokar da ta faɗi nawa za a biya mai mota. Dole a sami makunnin da zai raba gida da layi da zarar wuta ta ɗauke, in ba haka ba wutar mota za ta bi waya ta kashe ma'aikacin da ya hau turke yana gyara, yana zaton layin a mace yake. Sannan akwai wani abin da ba kowa ya sani ba: na'urar da ke tura wuta cikin babban layi tana bin bugun layin ne, in layin ya faɗi ita ma sai ta tsaya. Saboda haka a halin da ake ciki, abin da zai yi amfani nan kusa shi ne mota ta ciyar da gida guda ko ma'aikata guda da aka ware daga layi, ba ta ciyar da ƙasa ba. Mai mota kuma zai tambaya wa zai biya shi tsufan batirinsa, domin kowane cikawa da juyewa yana rage masa kwana.

ABIN DA ZAI DACE DA VOM

Idan aka auna duk wannan, za a ga cewa ba motar Alhaji ce za ta fara cin moriyar faifai ba. Mai mota guda a gida, waya ta ishe shi, ta fi araha kuma ba ta zubar da wuta. Masu bukatar faifai su ne motocin da ke bin hanya ɗaya suna tsayawa wuri ɗaya: bas da tasi da ke jigila tsakanin Vom da Bukuru da Taminus, da Keke Napep da ke layi a bakin tasha suna jiran bi da bi, da motocin ma'aikatu da makarantu da ke kwana a haraba guda, irin su cibiyar dabbobi da kwalejojinta da Cibiyar Nazarin Manufofi ta Kuru, wadda aka kafa a 1979.

Faifai yana da wata fa'ida da ta dace da nan. Yana binne a ƙasa, ba wayar da ke reto da ɓarawon jan ƙarfe zai yanke, ba bakin soket da yaro zai tura wa ƙusa, kuma direba ba zai taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu ba a daminar Filato mai yawan ruwa da ƙanƙara. Amma yana da tsada fiye da na waya, yana son daɓe mai kyau wanda ruwa ba ya kwanciya a kai, kuma in ya lalace ba kowane mai gyaran rediyo ne zai buɗe shi ba. Kafin a sayo shi dole a koyar da masu gyaransa.

Dokar Lantarki da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu. Wannan dama ce ga Filato, wadda ke da ruwa mai gangara, da hasken rana, da kamfanin da ya kusa shekara 100 yana sarrafa wutar ruwa. Ruwa yana ƙaruwa da damina lokacin da hadari ke rufe rana, rana kuma tana ƙarfi da rani lokacin da ruwa ke ja baya. In aka haɗa su biyu, aka sa batura a tsakani, ko na mota ko na ɗaki, ana iya samun yankin da fitilarsa ba ta mutuwa don an sare turke a wani daji mai nisa. Ƙasar Habasha, wadda ita ma da ruwa take samun wutarta, ta hana shigo da ƙananan motocin fetur tun 2024 don ta rage kuɗin da take kashewa wajen sayo mai.

Akwai kuma abin tunawa. Kusan rabin kuzar da duniya ke amfani da ita a yau wajen liƙa wayoyin na'urori take tafiya, har da na cikin motocin lantarki. A maƙwabciyar jiha, Nasarawa, an buɗe masana'antar tace ma'adinin litiyom, wanda ake yin batir da shi, a watan Mayu na 2024. Mutanen Filato sun ga yadda aka yi shekara da shekaru ana kwashe kuza zuwa Ingila, aka bar masu kududdufai da ramuka a gonakinsu. Bai kamata a sake fitar da ɗanyen dutse da araha, a dawo da shi cikin mota da tsada ba.

Turawan da suka tare ruwan Kurra a 1929 sun fara tanadin wuta ne kafin su cika filin da injuna. Wannan tsari bai sake ba. A fara da mita a kowane gida, da taransifomar da ba ta ƙonewa, da gyaran tsofaffin madatsu, da dokar saye da sayar da wuta tsakanin mai mota da kamfani, da makarantar koyon gyara. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da faifan zai iso tashar Vom, ya kamata ya tarar da wutar da zai sha tana jiransa.